Iya ta tafi, ta bar mana iri a tulu

Ina neman afuwar masu bibiyar wannan fili bisa rashin jin ɗuriyata makon jiya. Rasuwa aka yi mana. Allah Ya karɓi ran kakata, mahaifiyar mahaifina, wadda duk zuri'armu ke kira Iya, a ƙauyenmu da ke ƙasar Funtuwa, daidai lokacin da ake yankan dawa. Na gode wa waɗanda suka kira da waɗanda suka tako, Allah Ya bar zumunci. Yau zan jingine maganar siyasa, in yi ta wannan baiwar Allah, domin na tabbata akwai irinta a kusan kowane gida.

Iya ba ta da takardar haihuwa. Idan aka tambaye ta shekarunta, sai ta ce ta isa ɗaukar ƙaramin tulu zuwa rafi lokacin da labarin rasuwar Sarkin Katsina Dikko ya iso ƙauyensu. Sarki Dikko ya rasu a 1944, ke nan ta kai casa'in, ko ma ta ɗara. Ta ga mulkin Turawa, ta ga 'yancin kai a 1960, ta ji kisan Sardauna a 1966, ta ga ranar da aka cire Katsina daga jihar Kaduna a 1987. Amma ba da waɗannan take lissafin zamani ba. Ita lissafinta shi ne shekarar da fara ta sauka, da shekarar da ruwa ya ɗauke gero na cikin bunni, da shekarar da aka haifi wane.

A shekarun ƙuruciyarta ba ta fita gona, gonar ce ke biyo ta har gida. Maza su yi noman gandu, su ɗaure dammuna su kawo, daga nan sauran aiki nata ne da abokan zamanta: sussuka, shiƙa, surfe, daka, niƙa. Kafin kiran assalatu ta yi alwala ta yi nafilfilinta, gari na wayewa kuma ƙarar taɓaryarta ce ke tashe mu. Da rana ta soya gyaɗa ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli, ta dafa kalwa ta yi daddawa. Da dare ta ɗauki mazari ta kaɗa audugar da ta rage bayan an kai ta sayarwa Funtuwa, ta sayar wa masaƙa zare. Da kakanmu ya rasu, ta gama takaba, sai ta ɗauki fartanya da kanta ta shiga gayaunarta, ba ta ajiye ba sai da gwiwa ta ƙi.

Addininta ma haka yake, a aikace. Karatunta bai wuce na sallah da 'yan surori ba, amma ban taɓa ganin rana ta fito mata ba ta yi Asuba ba. Litinin da Alhamis tana azumi, Sitta Shawwal ba ta wuce ta. Ranar da aka kawo amfanin gona, ita ke tsayawa a bakin rumbu tana ƙirga: dami tara a shiga da su, na goma a ajiye gefe, zakka ce. Wata shekara wani kawunmu ya ce a bari sai an ga yadda kasuwa za ta kaya, sai ta ce masa ba za ta ci tuwon da aka tuƙa da haƙƙin wani ba. A ranar aka fitar.

Mahaifina ya sha ba mu labarin farin 1973. Ƙasarmu ta kudancin Katsina ba ta ji jiki kamar arewa ba, saboda haka mutane suka yi ta kwararowa, wasu har daga Nijar, da 'ya'ya a goye. Iya ta ƙara ruwa a kunu, ta rage girman malmalar tuwo, ta ce duk wanda ya yi sallama a zaure a miƙa masa ƙwarya. Abu ɗaya ta hana a taɓa: tulun iri da ta liƙe bakinsa da laka. Ta ce wanda ya ci irinsa ya ci baɗi tun bana. Da cutar gyaɗa ta 1975 ta karya manoma, sana'ar mai ta tsaya, sai ta koma kiwon awaki.

A shekarar farin nan aka kawo naira, amma Iya ta ci gaba da lissafi da fam da sule har ƙarshen rayuwarta. Lokacin wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, mu 'yan boko muna kwana a layin banki, ita kuwa tana dariya tana cewa ba a taɓa canza wa akuyarta launi ba.

Sunan mijinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa faɗin sunana ba, Maigida take ce mini, tana tsokanata wai na bar ta ba cefane. Ita ta matsa aka sa ni firamare da aka buɗe karatun kyauta na 1976. Da na samu gurbi a jami'a a Zariya, hannun mahaifina babu komai. Iya tana da sa guda da take turkewa, tana tara kuɗin zuwa Makka. Ta sa aka kai shi kasuwa, ta ƙulle kuɗin a bakin zane ta ba ni, ta ce, "Maigida, je ka yi karatu, in ka dawo ka kai ni." Na ce na ɗauki alkawari.

Ban cika ba. Na fara aiki na ce sai na yi aure, na yi aure na ce sai na gina gida, na gina gida kujera ta koma miliyoyin naira. Da na tashi da gaske, likita ya ce jikinta ba zai ɗauki tafiyar ba. Ba ta taɓa tuna mini ba, ko da wasa. Na rubuta wannan ne ba don a tausaya mini ba, sai don mai karatu da tsohuwarsa ke raye, yana cewa sai baɗi. Tsoho ba ya da baɗi a hannu, kai ma ba ka da ita.

Bayan addu'ar bakwai aka zauna maganar gado, nan na ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Shekaru ke nan 'yan bindiga sun hana manoma sakat a yankunan Faskari da Sabuwa da Ɗandume, gonakin da ke nesa da gari sun zama abin tsoro. Wasu 'yan uwa suka ce a sayar da gonar Iya tunda ga mai saye daga birni. Ban ga laifin tsoronsu ba, amma gonar da aka sayar cikin firgici da arha take tafiya, kuma ba ta dawowa. Wasu kuma suka ce a bar gonar a hannun maza, a ba gwaggonninmu ɗan abin da ya sawwaƙa. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a ƙauyukanmu, kuma zalunci ce. Shari'a ta yanka wa 'ya mace rabonta a ƙasa kamar yadda ta yanka mata a kuɗi. Matar da ta ƙi cin dami ɗaya na zakka, ba za a raba gadonta da cin haƙƙin 'ya'yanta mata ba. Alhamdu lillahi, an kira malami ya raba yadda ya dace, kuma magada sun amince ba za a sayar ba.

Da aka buɗe ɗakinta, ba a samu zinariya ba. An samu carbi, da buzun sallah da ya suɗe, da likkafanin da ta saya da kuɗinta tun shekaru, da tulu biyu: ɗaya na wake cakuɗe da toka don kada ƙwari su ci, ɗaya na irin farfara da ta ce daga gidan mahaifinta ta zo da shi. Na roƙi mudu guda. In Allah Ya kai mu damina, zan kai 'ya'yana, waɗanda ba su san bambancin gero da maiwa ba, mu shuka shi a gonar bayan gida. Na kuma yi niyyar yi mata aikin Hajji, in Allah Ya hore.

Allah Ya jiƙan Iya, Ya haskaka makwancinta, Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu baki ɗaya, Ya dawo mana da zaman lafiya a gonakinmu. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa, in muna da rabon ganawa.