Mai Juya Dukiyar Jama'a Ya Iya Cewa A'a

Asusun man fetur na Norway, mai hannun jari a dubban kamfanonin duniya, ya janye kuɗinsa daga Walmart a 2006 bisa zargin tauye haƙƙin ma'aikata, ya kuma fice daga kamfanonin taba sigari a 2010. A ganina, matashin da ke neman shugabanci a sana'ar juya dukiyar jama'a ya fara koyon kawar da kai daga ribar da ba ta dace ba. Masu suka na cewa aikin manaja tara riba ne kawai, kuma gaskiya ne barin taba ya rage wa asusun samu. Sai dai dukiyar ta 'yan ƙasa ce, wakilansu a majalisa ne suka amince da sharuɗɗan zuba jarin asusun, don haka manajan da ya tsallake su ya ci amana ko da ya ninka jarin.