Kwanakin Jinya A Gida: A Bar Wa Kunne Aikin

Duk wanda ya yi zangon farko a makaranta a wannan yanki namu ya san yadda aji yake komawa a watannin Satumba da Oktoba. Malam ya kira suna, sai a amsa masa daga baya, "Masassara, an kai shi gida." Wannan ba abin mamaki ba ne. Fadamar da take ba mu shinkafa tun daga Argungu har Birnin Kebbi, ita ce kuma take kiwon sauro. Binciken da aka yi a ƙasa baki ɗaya a 2021 ya sami ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi, babu jihar da ta kai haka. Da aka fara allurar rigakafin cutar a Disamba 2024, Kebbi da Bayelsa aka fara kaiwa. Amma allurar ta ƙananan yara ce. Mu da muka girma sai gidan sauro da magani.

Zancen magani mun bar wa ma'aikatan asibiti. Abin da ya dame mu shi ne rana ta uku. Ranar farko da ta biyu mutum bai san inda kansa yake ba, sai rawar ɗari da amai. A rana ta uku zafin jiki ya sauka, ido ya buɗe, ƙannai sun tafi makaranta, Baba ya tafi aiki, Mama tana kicin, sai kaɗaici ya sallama. A nan ne da yawa daga cikinmu muke yin wauta. Wani ya hau keke ya nufi kasuwa cikin rana. Wata ta ɗauki bokiti ta ce ai ta warke. Wani ma ya ajiye sauran magani, alhali maganin da ake bayarwa yanzu sau 6 ake shan sa cikin kwana 3, kuma wanda ya tsaya a na huɗu ya bar sauran ƙwayoyin cutar da rai a jininsa. Bayan mako biyu ga shi nan kwance kuma, ya rasa darussa fiye da waɗanda yake gudun rasawa. Mun lura ba ƙarfi ne yake tayar da irin wannan mutum ba, gajiya da zama ce kawai.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne a nema wa mara lafiya abin da zai riƙe shi a kan tabarma ba tare da ya biya da ƙarfinsa ba. A cikin gaɓoɓin jiki kuwa, kunne ne kaɗai yake aiki mutum yana kwance ido a rufe.

Za a ce mana ai ga waya. Mun gwada. Mai ciwon kai da ya ƙura wa haskenta ido awa biyu, ciwon kan ne yake ƙaruwa, barci ya gudu, caji ya ƙare, ga shi ba wuta. Mai fama da apolo kuwa ba ya ma iya kallonta. Amma yawancin wayoyin nan suna da rediyo a ciki, kuma a gidaje da yawa tsohuwar rediyon Baba tana nan, batir biyu take bukata. Sashen Hausa na BBC yana magana tun 1957, ga kuma gidajen rediyonmu na jiha da shirye-shiryen gaisuwa da wasan kwaikwayo. Rediyo ba ta fushi in ka yi barci ka bar ta tana magana.

Abin da ya fi rediyo shi ne mutum. Wanda Allah ya bar masa kaka a gida, to, jinya ce damarsa, domin a ranakun lafiya ba ma zama mu ji ta. Tambaya ɗaya ta ishe ta. A tambaye ta yadda aka yi bikin kamun kifi a Matan Fada sa'ad da take budurwa, ko abin da ta ji game da Kanta da birnin Surame, sai ta yi ta zuba har la'asar. A aji muna haddace cewa an fara bikin a 1934. Kaka ba ruwanta da shekara, ita sai ta faɗa maka wanda gorarsa ta fashe a tsakiyar ruwa, da irin dariyar da aka yi masa.

In ba kaka, a sa ƙane ya karanta littafi da ƙarfi. Mu dai Magana Jari Ce muke zaɓa, domin labaransa gajeru ne, kowane ɗaya ba ya wuce lokacin shan kunu. Abin dariya ma, dabarar da Abubakar Imam ya gina littafi na ɗaya a kanta ita ce tamu: aku yana ta jero wa ɗan sarki labarai don ya hana shi fita daga gida. Ƙanen ma ya ƙaru, ya gyara karatunsa.

Malamanmu da iyaye za su ce, jarrabawa fa? Gaskiyarsu. Amma wanda ya taɓa buɗe littafin lissafi jiri yana ɗibarsa ya san ba abin da yake zama. Abin da muka ga yana aiki shi ne aboki ɗaya ya zo da littafinsa bayan an tashi, ya karanta abin da aka yi a ranar na minti 15, ya ƙara da labarin wanda aka kama yana gyangyaɗi a aji. Hankalin mara lafiya ya kwanta, ya san ba a manta da shi ba.

Wannan ya kawo mu ga masu zuwa dubiya. Muna godiya ga zumuntar mata da ta matasa da suke cika ɗaki ranar Lahadi bayan sujada. Sai dai mutum goma sha biyu a ƙaramin ɗaki, kowa da tambayarsa ta "yaya jiki", wani aiki ne ga mai jinya, dole ya tashi zaune ya yi ta amsawa. Daga Litinin zuwa Asabar kuma shiru. Da za a raba kwanakin, mutum ɗaya kowace rana, da an fi taimakonsa. In ciwon mai yaɗuwa ne kamar ƙyanda ko apolo, a tsaya daga bakin ƙofa, murya tana isa.

Idan ƙarfi ya fara dawowa, a shimfiɗa masa tabarma a inuwa da yamma. Kallon balbelu suna komawa daga fadama ba ya cin komai. Ludo ma ba laifi. Dara kam, da gurabenta 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, tana cin ƙwaƙwalwa, gara ya zauna gefe ya kalli dattawa suna yi, yana ba da shawarar da ba wanda ya tambaye shi. Da magariba ta gabato kuwa a tashe shi ya shiga gidan sauro, domin wadda ta kwantar da shi tana nan a bayan randa tana jira.