Wai Baiwa Kaɗai Ta Ishi Marubuci? A Je Kongolam A Gani

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tsakaninmu marubuta, wadda ake faɗa da ƙafafa kamar wata hikima, wai rubutu baiwa ce, ba ya buƙatar karatu. In aka ga matashi ya yi digiri a fannin tunkarar bala'o'i, ya ƙara da nazarin halayyar ɗan Adam, sannan ya dawo yana bin darussan tarihi da adabi, sai a riƙa yi masa dariya, wai ya zama taɓa nan taɓa can, ya rasa tudun dafawa. Ni kuwa na ce irin wannan yaron adabinmu ya rasa, kuma rashinsa ne ya sa littattafanmu suka cika da motoci da falo da firji alhali ƙasar da muke rubutu a cikinta tana ta ɗanɗana kuɗarta.

Mu ɗauki Kongolam, ko Kwangwalam a bakin mutanen wurin. Gari ne na bakin iyaka a ƙaramar hukumar Mai'aduwa cikin masarautar Daura, a kan hanyar da ta bi ta Ɗan Barto da Matamaye ta nufi Damagaram. Abincin mutanensa a kan wannan hanya yake: direba, ɗan dako, mai tuwo-tuwo, ɗan canji, dillalin dabbobi. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986, kuma abin ya faɗo daidai da mummunan fari. Har yau a Nijar akwai masu kiran yunwar wannan lokaci da suna El-Buhari, wato sunan marigayi shugaban da ya ba da umurnin, wanda shi kansa ɗan Daura ne. A watan Agusta na 2019 aka sake rufewa, a Nuwamba aka hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da aka tashi sassautawa a Disamba ta 2020, Seme da Illela da Maigatari da Mfum aka buɗe, babu Kongolam a ciki. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake garƙamewa, sai Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren.

Sau uku ke nan cikin shekara arba'in. To, 'yan uwa, ku duba kantocinku. Littafi nawa ne na Hausa ya tsaya a kan mai gidan da ya wayi gari jarinsa yana maƙale a wancan ketare? Amma fa mun iya kwashe shafi biyar muna siffanta leshin amarya.

Za a ce mini ai wannan ba bala'i ba ne, siyasa ce. Nan ne jahilcin ya fito fili. Darasin farko da ake koya wa ɗalibin wannan fanni, kamar a cibiyar da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi ne fari ko ambaliya su kaɗai ba su ne bala'i ba, sai sun tarar da mutanen da aka riga aka karya wa garkuwa. Amartya Sen ya nuna tun 1981 cewa mutane na iya mutuwa da yunwa alhali kasuwa cike take da hatsi, don abin da suke sayarwa su sayi hatsin ne ya faɗi. Michael Watts kuwa a nan ƙasar Katsina ya zauna, a Kaita, ya fitar da littafinsa Silent Violence a 1983, inda ya bi diddigin yadda haraji da noman gyaɗa na zamanin Turawa suka raunana rumbun talaka. Baƙo ya zo daga wata uwa duniya ya rubuta yunwarmu, mu 'yan gida muna nan muna musu a kan ko jaruma za ta auri Alhaji ko ɗan makaranta.

Marubucin da bai san wannan ba, in ya tashi kawo masifa a labarinsa, daga sama yake jefo ta. Gobara ta tashi a babi na tara don kawai a talauta uban yarinya, a babi na goma an manta. Ba a tambayar me ya sa gidan wane ya farfaɗo gidan wane ya watse, wa ya fara sayar da akuya, wa ya jinginar da gona, wa ya tafi cin rani bai dawo ba. Sai a rufe da cewa ƙaddara ce. Babu mai musun ƙaddara, amma Annabi Yusufu, alaihis salam, tanadin shekara bakwai ya tsara.

Abin ya fi muni in aka zo kan zuciya. A littattafanmu hauka iri ɗaya ne: kishiya ta yi sammu, mutum ya yage riga ya shiga bola, a kai shi wurin malam, ya warke ranar da marubuci ke so. Wanda ya ɗan leƙa ilmin halayyar ɗan Adam ya san ciwon da karayar arziki ke haifarwa shiru yake zuwa. Mutum ya daina zuwa majalisa, barci ya ƙaurace masa, ya riƙa hantarar matar da bai taɓa ɗaga wa murya ba, ya ga mai binsa bashi ya canza hanyar masallaci. Yaron da ya tashi a wannan gida zai girma yana ɓoye abinci a aljihu bai san dalili ba. Wannan shi ne labari, kuma ya fi sammu ban tsoro nesa ba kusa ba. Sai a 2023 Nijeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a madadin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta motsa, alƙalaminmu bai motsa ba.

Kada ma'aikatan agaji su yi murna, su ma kashinsu na nan. Hukumar NEMA da aka kafa a 1999 da takwarorinta na jihohi sun iya ƙidayar buhu da bargo da katifa. Amma jami'in da bai san mene ne kunya a ƙasar Hausa ba, zai kafa layin rabo a bainar jama'a, ya yi mamakin yadda dattijon da ya kwana biyu bai ɗora tukunya ba ya ƙi fitowa, da yadda matar kulle ba ta shiga lissafi ba. Bai san kakanninmu sun laƙaba wa kowace yunwa suna ba, Kakalaba ta 1914, Mai Buhu ta 1927, 'Yar Gusau ta 1942, kuma a cikin kowane suna akwai bayanin abin da mutane suka ci ko inda suka gudu. Wannan ilmi a bakin tsofaffi yake, a waƙar niƙa da kirari da zambo, kuma mu ne ya kamata mu kwaso shi kafin a binne shi da masu shi.

Na san amsar da za a ba ni: masu karatu soyayya suke so, kuma ɗan kasuwa ba ya buga abin da zai yi kwantai. To wa ya hana soyayya a Kongolam? Saurayi a Mai'aduwa, budurwa a Matamaye, an sa rana, an rufe iyaka, kuɗin lefe sun narke a hannun ɗan canji. Mai baiwa kaɗai zai kawo aljani ya ƙetarar da ango. Wanda ya yi karatu zai san ta wace ɓarauniyar hanya ake bi da babur, nawa ake ajiyewa a kowane shinge, da abin da uban yarinya ke ji a ransa lokacin da wani mai kuɗi na gida ya aiko.

Ba na cewa kowa sai ya tara digiri uku. Ina cewa a daina raina wanda ya tara, a ba shi kujera a taronmu na wata-wata ya yi mana darasi, ko da mun girme shi. Kuma reshenmu da ke iya haɗa kuɗin walimar ƙaddamar da littafi zai iya haɗa kuɗin mota ɗaya zuwa kasuwar Mai'aduwa, da littafin rubutu a hannun kowa, a wuni ana sauraron direbobi.