Kuɗin gayya ba jari ba ne

Ƴan uwa, yau da laifina zan fara, don kada in hau kan kowa da wa'azi alhali nawa kwanon ma yana yoyo.

Babu ɗan Damagaram da ya manta daminar 2024. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni, wanda yake tsaye tun ƙarni na 19, ya zube a gaban idon mutane, bidiyonsa ya zaga kowace waya. Gidajen ƙasa suka riƙa faɗuwa a unguwanni, iyalai suka koma kwana cikin azuzuwan lekol, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Mu a fadarmu muka ajiye butar shayi muka ɗauki shebur. Muna cika buhu da rairayi, muna fitar da kaya daga ƙarƙashin ɓaraguzai, muna bin ƴan uwa da abokai su taimaka da abin da ya sawwaƙa. Da yake ni ne mai sana'a a waya, kowa ya san lambata, sai aka ce a riƙa turo gudummawar a kaina. Cikin kwana goma jika 140 ta taru. A ciki har da jika 50 da wani abokina ya turo daga Beljiyam, wanda muka saba tun yana aikin koyarwa a nan garin.

Sana'ar tawa ba wata babba ba ce. Ina karɓar jakunkunan hannu da alabe da takalma wajen wani dattijon baduku, in ɗauki hoto, in sa a WhatsApp da Facebook. Wanda ya gani yana so ya turo kuɗi, ni kuma in kai saƙon tasha a ba shi a Yamai ko Maraɗi ko Agadas. Na fara ne a ƙarshen 2023, lokacin da iyaka ke rufe saboda takunkumin CEDEAO, kuran yana zuwa yana tafiya, in ka samu rezo ba caji, in ka samu caji ba rezo. Sai da aka buɗe iyaka a Maris 2024 na fara samun masu saye daga Kano. To a daidai makon ambaliyar nan wata hajiya daga Yamai ta ce tana son jaka 8 don biki. Ban taɓa samun ciniki irinsa ba. Baba ya ce sai an sayo fata da zare da zif, ni kuwa jarina ya maƙale a hannun masu bashi. Na duba waya, ga kuɗi a kwance. Zuciya ta ce: ɗauki jika 40, jibi hajiya za ta biya, ka mayar, wa zai sani?

Na ɗauka. Jibi ta zo, hajiya ta ce sai ta ga kaya. Ranar da muka tsayar za mu je Kasuwar Dole sayen hatsi da tabarmi da gidan sauro ta iso, kuɗi bai cika ba.

Wadda ke riƙe mana littafin lissafi wata ƴar uwa ce Kirista, iyayenta daga Benin suka zo amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ba ta tona ni gaban jama'a ba. Ta ja ni gefe ta ce: "Ɗan uwa, littafi ya ce 140, hannunka ya ce 100. Wanne zan gaya wa matan da ke kwana a aji?" Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na faɗa mata gaskiya. Ta ce ta ba ni zuwa la'asar. Inna ce ta fitar da ni, da kuɗin adashenta da ta ɗauka don gyaran ɗakinta da shi ma ruwa ya taɓa. Tana ƙirga mini kuɗin tana cewa: "Kai yaro, abin da aka ba ka ajiya ko wuta ce sai ka riƙe." Aka sayi hatsi ranar. Amma ni na san cewa na yi kwana 4 ina kasuwanci da abincin waɗanda ba su da rufin kwana.

Da labarin ya ɗan fita, shawara iri biyu na samu, kuma don su nake wannan rubutu, saboda na san da yawanku kuna jin irinsu.

Na farko suka ce: ka gani ko? Taura biyu ba ta taunuwa. Mai aikin sa kai na gaskiya ba ya talla. In dai don Allah kake yi, ka bar sana'ar nan, ko ka bar mana aikin. Na biyu, yawanci manya a gida, suka ce akasin haka: wane irin aikin banza ne wannan, kana da digiri daga Jami'ar André Salifou kana yawon kwashe kwata kyauta? Ka tsaya ga neman kuɗinka, in ka yi arziki ka taimaki mutane.

Dukansu ban yarda da su ba, ko da yake kowane yana da ƙwayar gaskiya.

Masu cewa a bar sana'a, ina so su amsa mini: mai aikin sa kai iska yake ci? Mu faɗa wa juna gaskiya. Mun san yadda aikin sa kai ya koma a garin nan shekarun baya. Akwai samari da ƴan mata da sana'arsu ita ce zuwa atiliye: yau horo kan zaman lafiya a wannan otal, gobe kan sauyin yanayi a wancan zaure, a sa hannu a takarda, a karɓi perdiyam, a ɗauki hoto da riga mai tambari. Ba zaginsu nake ba, ni ma na sa hannu a irin takardun nan, kuma ONG da yawa sun yi aikin kirki da ba mai musu. Amma wanda tukunyarsa ke jiran furoje ba ya iya cewa a'a. In an ce matsalar unguwarku kaza ce, sai ya ce haka ne, ko da ya san matsalarku ruwan famfo ce. Ranar da furoje ya naɗe tabarma kuwa, shi ma sai ya naɗe tasa. Mun gani a 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a ƙetare tun watan Janairu: ƙungiyoyi nawa ne suka yi tsit? Waɗanda na ga sun ci gaba da fitowa ranar Asabar, tela ne, da mai gyaran waya, da mai kabu-kabu, da mai sayar da turaren wuta a status. Mutanen da ke da abin yi ranar Litinin su ne ke da ƴancin bayar da Asabar ɗinsu. Gayya ma ai haka take tun asali: manomi ne mai gonarsa ke zuwa ya taya maƙwabci noma, ba wanda ya mayar da zuwa gayya hanyar cin tuwo ba.

Masu cewa a bar aikin jama'a sai an yi arziki kuma, ruwa bai jira mu yi arziki ba kafin ya ci gidaje. Wanda bai saba bayar da awa biyu ba yana talaka, ba zai bayar da miliyan ba yana attajiri. Ban da haka, duk abin da ke riƙe da sana'ata a wajen aikin nan na koye shi: rubuta shiga da fita, cika alkawarin lokaci, yi wa mutum magana yana cikin fushi har ya sauko. Ba a koya mini ko ɗaya a aji ba.

To ina gaskiyar masu zancen taura biyu? Tana nan: ba haɗa ayyukan ne haɗari ba, haɗa aljihun ne. Kuma wayar nan da muke alfahari da ita ita ce ta rushe katangar. Da can ɗan kasuwa yana da rumfa, ma'ajin ƙungiya yana da akwati, aboki yana da zaure. Yau duka ukun suna cikin abu ɗaya da ke aljihun wandonka. Lamba ɗaya ake turo kuɗin jaka, a turo na marayu. Status ɗaya ne ka sa hoton tsohuwar da gidanta ya faɗi, bayan minti biyar ka sa takalmi da farashinsa. Ko ba ka yi niyya ba, hawayenta ya zama tallarka, don wanda ya tsaya kallonta shi zai ga takalmin. Wannan ma cin amana ne, irin wanda ba ya fitowa a littafin lissafi.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne abota. In kana da aboki daga wata ƙasa ko wani addini ko wani yare, kuma kana da ƙungiya, kana da kaya na sayarwa, sannu a hankali sai idonka ya fara ganinsa a matsayin ƙofa. Bature ya zama mai ba da tallafi, ɗan Kano ya zama kiliya, Ba'abzinen Agadas ya zama mai kai maka saƙo kyauta. Na kama kaina ina haka. Na duba hirarmu da abokin nan na Beljiyam, na ga wata 5 ban rubuta masa ba sai in ina neman wani abu. Ya yi rashin uwa a tsakanin, ban sani ba sai daga baya. Da na gaya masa abin da na yi da kuɗin, bai yi faɗa ba, cewa ya yi ya ji daɗi da ya ji daga bakina. Amma na lura gudummawar da ya sake turowa, ta hannun ƴar uwar nan ya turo. Kuma daidai ya yi.

Garin nan ya san darajar amana tsakanin mutanen da ba yare ɗaya ba, don a kanta aka gina shi. Gidan sarauta tushensa Barebari ne, talakawa yawanci Hausawa, Zango kuma masaukin Abzinawa da Larabawan Tarabulus. A zamanin Sarki Tanimun ayari na tashi daga nan da fatu da gashin jimina, ya keta Sahara, ya yi watanni kafin labarinsa ya dawo. Attajirai irin su Malam Yaro suna ba mutum dukiya ya tafi da ita inda ba waya, ba rasit na Nita ko Al Izza, sai kalmar baki da sunan gida. Abin da muke kira kasuwancin intanet ai shi ne wannan da sabuwar riga: hajiyar Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, ba ta taɓa ganin fuskata ba, ni ma ban ga tata ba. Sunanka shi ne jarinka, kuma suna ɗaya gare ka. In ya ɓaci a ƙungiya, ya ɓaci a kasuwa.

Mun kuma san yadda amanar ke karyewa. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, cikin fushin zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa, an ƙona coci-coci da cibiyar al'adu ta CCFN a garin nan, an rasa rayuka. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su zana komai ba, maƙwabtanmu ne. Ƴar uwar da ta riƙe mana littafi tana yarinya a lokacin, a gidan maƙwabta Musulmi suka kwana. Bayan shekara 9, ita ce ke yawo cikin taɓo tana rubuta sunayen matan da gidajensu suka faɗi a bayan masallaci, kuma ita ce ta rufa mini asiri har la'asar. Irin wannan zumunta ba a atiliye ake ƙulla ta ba, kuma ba a saye ta da perdiyam. Amma jika 40 tana iya kashe ta.

Ga abin da muka canza, ko zai yi wa wata fada amfani. Kuɗin jama'a ba ya ƙara shiga lambar mutum mai sana'a. Layi daban muka saya, wayar tana hannun mutum ɗaya, lambar sirri tana hannun wani, kuma duk abin da ya shiga ko ya fita ana karanta shi da baki ranar Asabar kafin a zuba shayin farko. Ranar da na sa hoton aikin ƙungiya, ba na sa kaya sai washegari, kuma ba ma ɗaukar fuskar wanda muka taimaka sai ya yarda. Ba na talla a zauren WhatsApp na ƙungiya. Wanda ke son jaka ya san inda zai same ni. Safiya zuwa azahar ta sana'a ce: wajen Baba, tasha, amsa saƙonni. Asabar ta unguwa ce, ko ciniki ya zo sai ya jira. Na taɓa rasa mai saye saboda haka, ya ji mini ciwo, ban mutu ba. Abokai kuma na koma gaishe su ranar da ba na neman komai, na Beljiyam da na Kano da na Agadas, don zumunta a ƙafa take, ko da ƙafar ta koma mega.

Hajiya dai ta biya daga baya, bayan mako 3. Na kai wa Inna kuɗinta har ɗaki, na ɗora mata alabe ja a kai. Ta juya shi, ta shinshina fatar, ta ce Baba bai rage hannu ba. Sannan ta tambaye ni ko an gama rufe ɗakunan matan nan na lekol. Na ce saura uku. Ta ce: "To me kake yi a nan?"