Kuɗin Fatalwa a Aljihun Pasquale

Akwai wani labari na Italiya da ya daɗe yana raba kan masu kallo, a dandalin wasan kwaikwayo da kuma a majigi. Sunansa Questi fantasmi, wato "Waɗannan fatalwowi". Eduardo De Filippo, ɗan birnin Nafoli, shi ya rubuta shi, aka fara nuna shi a birnin Rum a watan Janairu na 1946. Shi da kansa ya mayar da shi fim a 1954, sannan Renato Castellani ya sake yin wani a 1967 tare da Sophia Loren da Vittorio Gassman. Duk inda aka nuna shi ana shan dariya, kuma da an watse sai gardama ta tashi a kan tambaya guda: shin maigidan nan wawa ne, ko kuwa ya san komai?

Pasquale Lojacono mutum ne da ya taɓa sana'o'i da dama bai ci ribar ko ɗaya ba. Sai aka ba shi wani makeken gida mai ɗaki goma sha takwas a wani tsohon gini na Nafoli, ya zauna shekara biyar ba kuɗin haya. Dalili kuwa shi ne an yi ittifaƙi cewa gidan na da fatalwa, kowa yana gudunsa. Sharaɗin mai gidan shi ne Pasquale ya riƙa fitowa baranda safe da yamma yana kaɗe darduma, yana waƙa da fito, don maƙwabta su ga lafiya lau ake zaune. Burinsa ya mayar da gidan masaukin baƙi, ko ya samu abin riƙe matarsa Maria.

Ranar da suka tare ya yi kiciɓis da wani mutum a cikin gidan, ya ɗauka fatalwar ce. Alhali kwarton matarsa ne, wani mai hali da ake kira Alfredo. Daga nan kayan ɗaki suka fara bayyana, kuɗi kuma suka riƙa zuwa aljihun rigarsa da ya rataye. Pasquale ya ce fatalwar gidan ce ta ɗauke shi da ƙauna, ya riƙa kashewa ba ya tambaya.

Rukuni na farko na masu kallo suna ɗaukarsa mutum mai farar zuciya da tsoro ya rufe wa ido. Suna da hujja: mutumin yana rawar jiki na gaske, har ranar da matar Alfredo ta zo da 'ya'yanta da danginta neman mijinta, ya ɗauke su rayukan matattu ne suka kawo kuka. Su wannan rukuni dariyarsu mai sauƙi ce, tana tafe da tausayi.

Rukuni na biyu kuwa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma babu magidancin da zai tsinci kuɗi a aljihunsa kullum ya kasa gane inda suke fitowa. A ganinsu Pasquale ya sayar da mutuncinsa ne, ya laƙaba wa cinikin sunan fatalwa. Maria ma haka ta fahimta, shi ya sa take dubansa da raini. Dariyar waɗannan tana da ɗaci.

Kowane rukuni yana so a yanke masa hukunci, amma De Filippo ya ƙi yankewa, kuma nan ne ƙarfin labarin yake. Wanda ya san Nafoli ta 1945 zai gane dalili. Birnin yana cikin waɗanda aka fi yi wa ruwan bama-bamai a Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan shigowar sojojin ƙawance a 1943, yunwa da kasuwar bayan fage suka zama ruwan dare, gidaje da yawa suka ci abincin da ba a tambayar asalinsa. Su ma mutanen Nafoli suna da tsohuwar tatsuniyar munaciello, wani ɗan ƙaramin ruhu mai shigar limamin kirista da ake cewa yakan shiga gida ya ajiye kuɗi. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa sunansa ya rufa asirin baƙin dare da yawa. Ke nan waɗanda suka fara kallon wasan ba baƙon abu aka nuna musu ba. Sun san cewa tsakanin sani da rashin sani akwai wani matsayi na uku, na mutumin da ya ga ƙofa ya ƙi buɗewa don ya san abin da ke bayanta zai rushe masa gida. An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma ga Pasquale duhun nan shi ne mayafinsa.

Ƙarshen labarin ne ya fi bayyana haka. Kuɗi sun daina zuwa, bashi ya taru. Pasquale ya yi kamar zai yi tafiya, ya laɓe a baranda yana jiran fatalwar. A daren Alfredo ya dawo da niyyar gudu da Maria. Pasquale ya durƙusa, ya amayar da abin da ke cikinsa: yadda yake son matarsa, yadda talauci ya hana shi ɗaga kai ya dubi idonta, yadda yake tsoron rasa ta. Jikin Alfredo ya yi sanyi, ya ajiye kuɗin da ya tanada don tafiyar, ya fita shi kaɗai. Ko Pasquale ya san da wa yake magana ko bai sani ba, kowace kalma da ya faɗa gaskiya ce, kuma ba zai taɓa iya faɗinta ga namiji ɗan'uwansa ko ga matarsa ba. Sai da ya kira abokin hamayyarsa fatalwa bakinsa ya buɗe. Mai kallon da ya tsaya lissafin wawanci da wayo ya bar wannan ya wuce shi.

Akwai kuma wanda ake yawan mantawa. A wasan dandali Pasquale yakan tsaya a baranda yana hira da maƙwabcinsa, Farfesa Santanna, har ya koya masa dabarar dafa gahawa a tukunyar Nafoli. Ba a ganin farfesan, ba a jin muryarsa, domin barandarsa tana daidai inda 'yan kallo suke zaune. Yana ganin duk mai shiga da fita, ya san komai, yana jin daɗin kallo, bai taɓa ba da ko sisi ba. Duk wanda ya fito yana yi wa Pasquale shari'a ya tuna kujerar wa ya zauna a kai.

Fim ɗin 1967 ya fi karkata ga barkwanci, har ya kawo Marcello Mastroianni a matsayin fatalwa ta gaske a ƙarshe. Ya sauƙaƙa wa mai kallo, amma ya rage nauyin labarin, domin da zarar fatalwa ta tabbata, tambayar ta mutu. A asalin labarin babu matacce ko ɗaya da ya dawo. Akwai maigadi Raffaele mai sace kaya yana ɗora wa fatalwa, akwai mata da miji da suka daina magana, akwai magidanci da ya zaɓi tsoron matattu a kan kunyar masu rai. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, kuma kafin a yi wa Pasquale dariya ya kamata a fara duba abin da ya koro shi.