Ruwa ba ya tsami banza: motar da ke shanye ruwanta bayan an sake juwan kilas

Zancenmu na wannan mako na mota ne, kuma abin da ya jawo shi wata rigima ce da na shiga tsakani a bazarar da ta wuce, tsakanin wani aminina ɗan kasuwar albasa a Madawa da makanikin da suka fi shekara goma suna hulɗa. Saura ƙiris magana ta kai gaban jandarma, alhali ba ɗaya daga cikinsu da ya san inda ruwan da suke faɗa a kansa yake tafiya.

Motar tsohuwar Toyota Hilux ce mai shan gazuwal. Da injin 2L ta zo, mai lita 2,4. Da ya gaji aka sayo mata 3L na hannu daga Kwatano, mai lita 2,8. Daga baya wani gwani ya ɗaura mata turbo, ya buɗe pompo don ya riƙa ba da mai da yawa, saboda Alhaji na son hawa duwatsun Adar da lodi ba tare da mota ta yi nishi ba. Kalorsta kuwa an cire an jefar, kamar yadda aka saba a garejinmu, radiyata kuma aka bar na asali. Ban ga laifin wannan haɗe-haɗe ba. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994 kayan mota suka ninka kuɗi, muka koyi yi wa inji ƙari da faci, kuma da wannan dabara albasar Tarka da geron Majiya ke isa kasuwa har yau. Sai dai injin da aka yi wa ƙari ya bar bin littafinsa, mu kuma sai mu mance.

Wata rana da azahar, a kan hawan da ke tsakanin Keita da Buza, allurar zafi ta kai ja, tururi ya tashi. Aka jawo mota, aka ce juwan kilas ya ƙone, wato abin da makanikan Nijeriya ke kira gaskit. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, faifai ne siriri da ake shimfiɗawa tsakanin kan inji da gangar jikinsa, aikinsa ya raba abu uku da ba su shiri: wutar da ke ci cikin silinda, da ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. A injin gazuwal irin wannan ana matse iska kusan ninki 22 kafin mai ya kama, to kun ji nauyin da ke kan ɗan faifan nan.

Aka fere kilas, aka sa sabon juwan, aka biya. Ba a yi mako ba yaron mota ya fara ƙara lita ɗaya, wani lokaci biyu, a kowace tafiya kasuwar Tamaske ko Tabotaki. Ƙasa ba ɗigo, hayaƙi lafiya lau. Alhaji ya ce jabu aka sa masa aka ci kuɗin na gaske. Makaniki ya rantse, ya sake kwance inji, ya sa wani juwan daga aljihunsa. Ruwa ya ci gaba da tafiya. A nan ne aka fara ambaton jandarma.

Na roƙi arziki muka kai motar wurin wani tsohon makaniki a Buza, wanda ya koyi sana'a a kan motocin Froje Keita, babban aikin nan na farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984 da kuɗin Italiya. Bai taɓa ko makulli ɗaya ba sai da ya zaunar da Alhaji ya ce: "Alhaji, ka gaya mini gaskiya, mi da mi anka yi ma injin ga tun ran da ya shigo hannunka?" Da ya gama ji, sai ya ce ruwan mota ƙofa uku gare shi. Ko ya zuba waje, ko a tunkuɗo shi ta bakin radiyata, ko ya shige cikin inji. Ya ce wanda ya kwance kilas bai san ƙofar ba, caca yake yi da kuɗin mai mota, don haka a bar masa mota kwana biyu.

Ya fara da abin da ba ya cin ko dala. Injin da aka zubar wa ruwa aka sake cikawa yakan riƙe iska a lunguna, kuma cikin kwana biyu ko uku na farko, in iskar ta fita, ruwa ya sauka ya cike gurbinta. Wannan ba ciwo ba ne, amma sau nawa aka zagi makaniki a kansa! Ya ɗaga gaban mota, ya bar inji ya yi zafi baki buɗe har kumfa ta ƙare, ya cika. Sannan ya dubi murfin radiyata. Mutane na raina murfin nan, su toshe da kowane iri, alhali shi ke riƙe matsi na kusan bar 0,9, wanda ke hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120 maimakon 100. A watan Afrilu, iskar waje ta haura digiri 40, mota na hawan dutse da buhu talatin, ratar nan ita ce tsakanin isa gida da kwanan daji. Robar murfin Alhaji ta bushe, aka sake shi.

Sai ƙofar waje. Ya bi duriti ɗaya bayan ɗaya, musamman waɗanda aka yanka aka haɗa lokacin canjin inji, ya duba koliye, da ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa, da kwabban ƙarfen da ke toshe gefen inji, har ya ɗaga shimfiɗar ƙafar direba ko ƙaramin radiyatan ɗumama cikin mota na tsatsafo. Rashin ganin ɗigo a ƙasa ba shaida ba ce, domin ruwan da ya faɗa kan ƙarfe mai zafi nan take yake ƙafewa, sai dai ya bar farin sawu kamar na gishiri. Sawun ake nema, ba danshi ba. Ruwan rijiyoyinmu ma yana taimakawa wajen barin sawun, tun da ƙasar Adar ta farin dutse ce, irin wanda ake siminti da shi a Malbaza. Ku leƙa cikin butar shayinku ku ga ɓawon da ya kama ta, haka cikin radiyatan da ba ya shan komai sai ruwan rijiya yake. Da ya gama, ya sa famfon gwaji a bakin radiyata, inji a sanyaye, ya hura har bar ɗaya, muka zauna muka sha shayi. Allura ba ta motsa ba. Baƙin mai kuma bai koma kalar shayi da madara ba, salansa ba ta fitar da farin tururin da ke daɗewa bayan inji ya ɗumama.

Alhaji ya fara murna, tsoho ya ce da sauran magana. Ɗan tankin roba da ke karɓar rarar ruwa ya daɗe da fashewa, tiyonsa na lilo a banza. Ya ɗaure gorar roba da waya, ya zura tiyon ciki, ya ce a yi wa mota lodi kamar na ranar kasuwa a koma hawan da ta tafasa. A fili gora ba ta samu komai ba. Da aka kama dutse, turbo ya soma fito, sai ga ruwa na tuttuɗowa da kumfa har gora ta cika. Muka bar murfi a rufe, domin mai buɗe radiyata da zafi fuskarsa yake saye wa ƙuna. Washegari da asuba, inji ya kwana a kashe, tsoho ya ce in matsa babban duriti na sama. Tauri kamar icce. Ya ce ruwan da ya huce ba ya riƙe matsi, abin da ke ciki hayaƙin silinda ne da ya sami hanya zuwa ruwa, kuma ba ya samun hanyar sai wuta ta yi ƙarfi. Shi ya sa gwajin sanyi bai nuna komai ba.

Sai a lokacin aka kwance kilas, karo na uku. Fuskarta a miƙe take, juwan ma na kirki ne, makaniki bai yi ƙarya ba. Tsoho ya wanke ta tas, ya shafa kananzir, ya goge, ya barbaɗa garin alli. Can sai wani siririn layi kamar gashi ya fito tsakanin mazaunin bawul biyu na silinda ta uku. Tsaga ce tun daga tafasar farko, takan rufe in ƙarfe ya huce, ta buɗe in ya yi zafi. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya kuma jera ƙusoshin kilas a kan tebur, biyu sun fi sauran tsawo. Irin waɗannan ƙusoshi ana ɗaure su da makulli mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, sannan a ƙara musu juyi, suna miƙewa kaɗan a kowane ɗauri. Na Alhaji sau uku ana mayar da su, a injin da turbo ke tura kilas sama da ƙarfin da ba a ƙera shi dominsa ba.

Akwai abu biyu da ya faɗa waɗanda nake so ƴan kasuwa da ma'aikata masu aika yaro kanti su riƙe. Na farko, ba a sayen juwan da sunan da ke cikin takardar mota. Faɗin silindar 2L milimita 92 ne, na 3L kuwa 96, kuma takarda ba ta san an canja inji ba. Na biyu, juwan waɗannan injuna kauri uku ne, masu alamar B da D da F, kuma abin da ake aunawa kafin a zaɓa shi ne yadda fistan ke leƙowa saman gangar inji, ba yawan firar da aka yi wa kilas ba. Game da kalorsta kuma, ya ce a injuna da yawa cire shi na barin wani kason ruwa ya riƙa zagayawa cikin inji bai bi ta radiyata ba, wato an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

In kun tambaye ni, makaniki ya yi kuskure da bai tsaya ya tambayi abin da ya ƙona juwan na farko ba. Amma kason Alhaji ya fi girma, don shi ya tsaya a kansa yana kirga awoyi saboda kada kasuwa ta wuce shi, kuma shi ya ce gwada kilas ɓata lokaci ne. Na faɗa masa haka a gaban mutane, bai ji daɗi ba.

An sayo wata kilas da ƙusoshi sabbi, an mayar da kalorsta da tankin roba, an sa radiyata mai girma, an rage wa pompo mai. Alhaji na gunaguni wai mota ta rage zafin nama a hawa. Makanikin farko shi ya ɗaura, tsoho na zaune a kan benci yana faɗa masa lambar kowace ƙusa. Buhunan albasa goma sha ɗaya da suka ruɓe a kwanakin jinya kuwa, ba a sake tada zancensu ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.