Waƙafi Ɗaya Ya Hana Goggona Taki

Goggona ta yi sati uku tana jiran saƙon waya. Tana cikin wata ƙungiyar mata manoma da aka yi wa alkawarin bashin taki, an kuma ce duk wadda sunanta ya fito za a turo mata saƙo ta je ta karɓa. Maƙwabtanta suka samu, suka ɗauko buhunansu, ita shiru. Da damina ta yi nisa, ganyen masararta ya fara yin ɗorawa, sai ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, kai da ka san kwamfuta, je ka dubo mini ko an soke sunana ne." Na je na duba. Sunanta na nan daram a cikin fayil. Ba wanda ya soke ta, ba wanda ya ci rabonta. Waƙafi guda ɗaya ne ya hana ta taki, kuma har yau raina bai huce ba.

Ga yadda abin ya faru. A fayil ɗin kowace mace tana da layi ɗaya mai gurbi huɗu: suna, adireshi, lambar waya, yawan buhu, da waƙafi a tsakaninsu, irin tsarin da ake kira CSV. Matashin da aka ɗora wa aikin ya rubuta 'yar manhaja da Python. Tana ɗaukar layi, ta datsa shi da umarnin split a duk inda ta ga waƙafi, ta zuba gutsattsarin a mazubi huɗu. Adireshin goggo kuwa irin namu ne na gida: sunan layi, waƙafi, sannan bayan masallacin Juma'a. Da aka datsa sai gutsure biyar suka fito, mazubi kuma huɗu. Python ya yi abin da ya kamata, ya tsaya ya ce kaya sun fi mazubi yawa. Shi kuwa matashin, maimakon ya tambayi dalili, sai ya ƙara layi biyu da ke cewa duk layin da ya kawo ƙorafi a tsallake shi a wuce. Manhaja ta yi aiki lami lafiya, aka yaba masa, aka biya shi. Matan da aka tsallake ba wanda ya ƙirga su.

Ban ɗora wa yaron nan laifin duka ba. Babban fushina yana kan waɗanda suka koyar da shi. Shiga duk ajin koyon rubuta manhaja ka ji misalin da ake bayarwa: ayaba, lemo, mangwaro. A datsa, a samu kalma uku, a tafa, a wuce darasi na gaba. Ɗalibi ya fita da yaƙinin cewa ya iya karanta fayil, alhali ba a taɓa nuna masa layi ɗaya da ɗan Adam ya cike da hannunsa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma wannan ƙuƙumin a wuyan talaka yake ƙarewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne matsalar tsohuwa ce, maganinta ma tsoho ne. Tun watan Oktoba na 2005 aka fitar da takardar RFC 4180 da ta bayyana tsarin CSV. Ta ce idan gurbi yana ɗauke da waƙafi a cikinsa, a kewaye shi da alamar zance. Idan kuma akwai alamar zance a cikin gurbin, a rubuta ta sau biyu. Gurbi ɗaya ma yana iya ɗaukar rubutun da ya tsallaka zuwa sabon layi. Fayil ɗin ƙungiyar goggo ya bi wannan ƙa'ida, domin Excel ya kewaye adireshinta da alamar zance kamar yadda ya dace. Split ne bai san alamar zance ba, shi dai in ya ga waƙafi sai ya sa wuƙa. Python kuwa yana zuwa da nasa makarancin CSV tun fitowar 2.3 a shekarar 2003, kyauta, ba sai an sauke komai ba. PHP yana da fgetcsv da str_getcsv. Perl yana da Text::CSV. Hatta tsohon awk, wanda Aho da Weinberger da Kernighan suka ƙirƙira a Bell Labs a 1977, an ƙara masa hanyar karanta CSV a 2023. Layi uku za ka rubuta ka huta. Wane irin sauri ne zai hana mutum rubuta layi uku?

Python ma ya yi kirki da ya buɗe baki. A Bash, idan ka mayar da IFS, wato alamar rabawa, waƙafi ka ba umarnin read mazubi huɗu, layi kuma ya zo da gutsure biyar, ba zai ce uffan ba. Zai cusa duk abin da ya rage a mazubi na ƙarshe, rabin adireshi ya zauna a gurbin lambar waya. Idan da tab aka raba gurabe, Bash yana ɗaukar tab biyu a jere kamar ɗaya, saboda haka gurbin da aka bari fanko sai ya ɓace, na bayansa kowa ya matso ya zauna a kujerar da ba tasa ba. Umarnin for /f na Windows shi ma haka yake haɗe alamomin da suka zo a jere. Split na Perl da Ruby da Java suna zubar da guraben ƙarshe idan fanko ne, sai fa in ka hana su da gangan, na Python da JavaScript kuwa suna ajiye su. Suna ɗaya, hali daban. Fayil ɗin da aka haɗa a Windows kuma yana rufe kowane layi da alama biyu da ido ba ya gani, ɗaya takan maƙale a jikin mazubi na ƙarshe idan an karanta a Linux, sai ka ga lamba biyu iri ɗaya a ido, kwamfuta ta ce sun bambanta. Wanda bai san waɗannan ba, bai kamata a damƙa masa sunayen jama'a ba.

Mu kuma bayananmu sun fi na kowa faɗawa wannan rami. A Najeriya dubu ashirin da biyar 25,000 ake rubuta ta, a datsa a waƙafi ta zama 25 da 000. Ka tsallaka Maraɗi ko Damagaram, inda kwamfutocin ofis ke kan tsarin Faransanci, can waƙafi shi ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, shi ya sa Excel ɗinsu yake raba gurabe da waƙafi mai ruwa. 'Yan kasuwar da ke musayar fayil tsakanin Kano da Maraɗi suna iya cin karo da wannan. Sunayenmu cike suke da hamza: Sa'adatu, Mas'udu, A'isha, kuma umarni irin xargs yana ɗaukar hamzar a matsayin buɗe zancen da ba a rufe ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kowanne bayit biyu yake ci a UTF-8, don haka duk wanda ke yanka rubutu da ƙirgen bayit zai iya raba harafi biyu ya bar shirme. Mai datsa suna a inda ya ga sarari, yana jiran suna biyu tak, me zai yi da Abdul Aziz, ko Nana Fatsima, ko wanda ya haɗa sunansa da na mahaifinsa da na garinsu?

Sannan idan abu ya lalace sai a juya kan jama'a. Da kunnena na ji ana cewa a gaya wa mata su daina sa waƙafi a adireshi. Wannan magana ta fi kuskuren kansa ɓata mini rai. Tsohuwar da ta faɗi inda gidanta yake ba ta yi laifi ba. Wanda ya rubuta mata ya sa waƙafi inda aka koya masa a makaranta, shi ma bai yi laifi ba. Don a yi wa mutane hidima aka sayi kwamfuta, kuma ba za mu sake sunayenmu da kwatancen gidajenmu don mu rufa wa malalacin ma'aikaci asiri ba.

Na san za a ce split yana da amfaninsa, kuma gaskiya ne. Kowane layi a fayil ɗin passwd na Unix yana da gurbi bakwai da ruwa biyu a tsakaninsu, ana datsa shi hankali kwance, saboda tsarin ya haramta ruwa biyu a cikin gurbi. Nan ne iyakar: ka datsa kai tsaye idan kana da tabbacin alamar rabawa ba za ta taɓa shiga cikin kayan ba. Rubutun da mutum ya cike da hannunsa ba ya ba da wannan tabbaci ko kaɗan.

Saboda haka, malaman da ke koyarwa, ku jefar da ayaba da lemo, ku kawo wa ɗalibai layi mai adireshi na gaske tun darasin farko. Masu rubuta manhaja, ku yi amfani da makarancin da aka tanada, ku ƙirga gurabe a kowane layi, kuma duk layin da ya saɓa a tsaya a nuna shi a fili. Shugabannin da ke karɓar aiki, tambaya ɗaya ta ishe ku: mutum nawa suka shiga, mutum nawa suka fito? In lissafi bai yi daidai ba, kada ku sa hannu.

Goggo ta samu takinta daga baya, lokacin da masara ta riga ta fid da kai. Ta zuba abin da ta zuba, ta girbe abin da Allah ya ba ta, ba ta yi ƙorafi ba. Gyaran manhajar bai ɗauke ni minti goma ba, ita kuwa sai ta jira wata daminar.